Biyan tallafi da zanen yatsa a ƙauyukan da babu reso: me ya kamata a tanada?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata ƙungiya ce za ta fara raba tallafi ga gidaje 600 a ƙauyukan da ke tsakanin Mirriya da Magarya, jika goma goma a wata. Mata ne za su karɓa, kamar yadda aka saba tun shirin tallafin gwamnati na Filets Sociaux na 2011. Masu ba da kuɗin sun ce sai an dangwala yatsa a na'ura kafin a biya, alhali galibin ƙauyukan ba reso, ba kuran. Wane tsari ya dace? Kuma yaya za a yi da wadda yatsanta ya ƙi kamawa?

Injiniyan Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Aiki biyu ne a nan, kada a gama su. Na farko ranar rajista: a ɗauki yatsu goma na kowace mace, sannan kwamfuta ta gwada su da na sauran duka don a gano wadda aka rubuta sau biyu. Wannan a Damagaram za a yi shi, inda akwai wuta da intanet. Na biyu ranar biya: ana gwada yatsan mace ɗaya da nata zanen kaɗai, kuma wannan ba ya bukatar reso ko kaɗan, muddin an adana zanen cikin katin da ke hannunta ko cikin na'urar mai biya. Idan an dawo gari da yamma sai a tura lissafin ranar.

Indiya ta gwada hanyoyin biyu. A jihar Andhra Pradesh kati mai ɗauke da zanen aka ba mutane, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna kuɗin da ke zurarewa a shirin aikin karkara sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. A Jharkhand kuwa an ɗaure rabon hatsi da intanet, sai ya zama duk ranar da reso ya ɗauke, tsofaffi su koma gida da buhu wayam.

Kayan tafiya: na'ura biyu ga kowace tawaga, domin ƙura kan kashe ɗaya, batir na ajiya da faifan sola, ƙyalle mai laushi na goge gilashi. A zauna a inuwa, hasken rana kai tsaye yana rikita na'ura mai gilashi. Ku lissafa minti biyu ga kowace mace har da ƙirgar kuɗi, wato 30 a awa. Ƙauye mai mata 200 zai cinye wuni guda da na'ura ɗaya.

Malama Ta Sabon Gari ta amsa:

Injiniya ya gama batun na'ura, saura hannun da za a ɗora mata. Matar da ta shekara arba'in tana daka da sussuka da jan guga, zanen yatsanta ya sha goga. Da hunturu fata kan bushe ta tsattsage, na'ura ta ga farin fili. Maganin wannan mai sauƙi ne: ta hura wa yatsan iskar baki ko ta shafa shi a goshi ya ɗan ji maiƙo, ta dangwala a hankali ba tare da murzawa ba. Kada a jiƙa shi sharkaf, ruwa na cike ramukan zanen. Lalle mai duhu ma yana rage kyan hoto a wasu na'urorin, don haka kada a sa rajista a makon Sallah.

Akwai kuma waɗanda ba dabarar da za ta yi musu: tsofaffi tukuf, majema da aikin fata ya cinye musu zane, da waɗanda kuturta ta taɓa yatsunsu. Wani zai ce a koma hoton ƙwayar ido, kamar yadda Hukumar Abinci ta Duniya (PAM) ke yi wa ƴan gudun hijirar Siriya a Jodan tun 2016. Yana aiki, amma na'urar ta fi tsada, kuma mai yanar ido ko wadda amosanin ido ya ɓata wa gani tana iya faɗuwa a nan ma.

Abin da nake roƙo, Malam, a rubuta ƙa'ida kafin biyan farko. A gwada yatsu uku, kowanne sau uku. In sun ƙi, a duba hoton da ke kan kati, maigari da mace ɗaya daga kwamitin ƙauye su shaida, a biya ta a take, a shigar da sunanta littafin keɓantattu. Kada a ce ta dawo wata mai zuwa. Tukunyarta ba za ta jira ba. Kotun Ƙolin Indiya ma da ta amince da Aadhaar, tsarin shaidar mutum na ƙasar mai amfani da zanen yatsa, a 2018, cewa ta yi kada a hana mai haƙƙi don na'ura ta ƙi shi. A kuma yi wa kowace mace rajistar wakili ɗaya tun farko, saboda jego da jinya.

Baba Mai Lissafi ya amsa:

Ƴaƴana, na'ura shaida ɗaya take bayarwa: wance ta zo. Ba ta ganin an miƙa mata jika tara maimakon goma, ba ta ganin an tare ta bayan rumfa an karɓi kason wani. Ba ta kuma san gwauruwar da aka tsallake tun wurin rubuta sunaye ba. Don haka a faɗi adadin da ƙarfi, a ƙirga a gaban jama'a, a ba ta rasit, mai karɓar ƙorafi ya zama daban da mai biya.

Sannan zanen yatsa ba a canza shi in ya faɗa hannun wasu. A Afganistan, na'urorin da ke ɗauke da irin waɗannan bayanai sun faɗa hannun Taliban a 2021. Muna da dokar kare bayanan mutum ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2017, kuma hukumar kare bayanan mutum (HAPDP) ce ke kula da ita. A bi ta kanta kafin a ɗauki yatsa ko ɗaya.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. To in littafin keɓantattun ya zama ƙofar sata fa?

Malama Ta Sabon Gari ta amsa:

A riƙa duba shi duk wata. Sunaye iri ɗaya ne za su riƙa dawowa, tsofaffin nan dai. In aka ga sababbin sunaye sun yi yawa a hannun mai biya ɗaya, a aika wani dabam ya bi gida gida ya tambayi matan nawa suka karɓa.