Wa ya taɓa haɗa asalin gidansu a intanet? Na cije a kan kakana

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema. Tun rasuwar baffanmu da azumin bara abin nan ke cina, don shi ne na ƙarshe a gidanmu da ke iya jero kakanni tun daga wanda ya fara zama cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, kuma ba wanda ya taɓa rubutawa, kullum sai mu ce sai an samu lokaci, har ƙasa ta rufe mishi ido. To ɗan gwaggona da ke karatu a Faransa ya nuna mini WikiTree, ya ce kyauta ne kuma ba kowa da tashi bishiya ba, guda ɗaya ce ta duniya duka, kowane mutum shafi ɗaya gare shi, in wani danginku ya riga ya sa kakanku sai ku haɗu a kanshi ku gyara tare. Na buɗe, na sa kaina, na sa baba, da na zo kan kaka sai na cije. Suna son sunan dangi wanda aka haifi mutum da shi, mu ko kun san yadda kart ɗinmu ta ɗan ƙasa take, sunanka da na ubanka, shi ma uban sunanshi da na nashi uban, kowane hawa suna na biyu ya canza. Ga shekara, takardar baba "né vers 1948" aka rubuta, wato an haife shi wajen 1948, kaka ko takardar ma babu. Na je wurin gwaggo, yayar baba, na ce ta taimaka, ta kalle ni ta ce wato za ka zuba mu cikin waya duniya ta gani? Ta ja bakinta ta yi shiru. Ya zan yi?

Mushe mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan baffanka. Shekara talatin da wani abu na yi ina rubuta sunayen yara a lakwal, daga Mirya har Magarya, don haka maganar shekara bari in fara da ita. Wannan "né vers" kar ka ɗauke shi kamar aya. Yawancinmu ba a yi mana takarda ranar haihuwa ba, sai da za a sa mu lakwal aka je gidan shari'a da shaidu biyu aka yi jujuman, takardar da ke tsayawa madadin ta haihuwa, a dubi tsawon yaro da haƙoranshi a yanke mishi shekara, wani ma a rage mishi biyu don a karɓe shi aji. Shi ya sa ka ga rabin gari ranar 1 ga Janairu aka haife su a takarda. Ka sa 1948 ɗin amma ka nuna ƙiyasi ne, wuraren nan suna da inda ake nuna haka.

Na kakanka kuwa tsofaffi ba da lamba suke lissafi ba, da abin da ya faru suke yi, kai ne za ka mayar da shi lamba. In aka ce maka an haifi wane zamanin Tanimun, sarkin Damagaram da ya kewaye Birni da ganuwa, to kafin 1884 ne don shekarar ya rasu. In aka ce shekarar da aka kashe Bature a Damagaram, Kazamaju ke nan, 1898, zamanin Amadu Kuran Daga, kuma a 1899 Faransawa suka ci garin. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Yaƙin Kawusan a Agadas 1916 zuwa 1917. Tashin gwamna daga Damagaram ya koma Yamai 1926. Ƴancin kai 1960, hawan Kunce 1974, yunwar da muke ce ma El Buhari 1984. Sai ka iya tambaya, kar ka ce wace shekara aka haife shi, ka ce lokacin Kakalaba yana goye ne ko ya fara kiwon awaki ko ya yi aure? Daga nan ka samu tazarar shekara biyar, ta ishe ka. Kuma ka nemi littafin André Salifou kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda jami'armu ta nan ke ɗauke da sunanshi, jerin sarakuna na ciki, zai zame maka ma'auni.

Ƴar Zango:
Mushe ina wuni, kun gama magana kan shekara. Ni kan gwaggo zan yi magana don na ga ƙanena bai gane inda ya yi kuskure ba. Ka je da waya a hannu kana tambaya kamar ɗan sanda, ina za ta amsa? Kuma wata ƙila ma ba ƙi ta yi ba, alkunya ce. Tsohuwa ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan fari, surukai ma haka, tawa kakar har ta bar duniya ban taɓa jin ta kama sunan kakanmu ba, "mai gidan nan" ko "Malam" shi ke nan, kuma duk yaron da aka sa ma sunanshi sai ta laƙaba mishi wani. Shi ya sa gidajenmu suka cika da su Abba da Baba ƙarami da Iya, sunan yanka ya ɓace. Sai ka bi ta gefe, ka ce gwaggo wane ne takwaran wane a gidan nan, sunan wa aka mayar ma wane? Mayar da suna shi ne rajistarmu wallahi, in ka bi shi za ka ga sunaye huɗu biyar ne ke ta juyawa a gida ɗaya.

Ni yadda na yi, goro na saya da turare na je da hantsi bayan an gama aikin gida, na zauna ina taya ta tsinar zogale, na nemi izini na kunna rikoda na ajiye waya a gefe. Kwana uku na yi ina zuwa. Abin da na samu maza ba su san shi ba, su layin uba kaɗai suke riƙewa, wane ɗan wane ɗan wane, amma wace ce uwar wa, daga wane gari aka auro ta, wa ya sha nono da wa, wa aka ba riƙo ba haifarshi aka yi ba, duk wurin mata yake. A nan na ji ashe kakar kakarmu daga wajen Gure aka kawo ta, Babarbariya ce, shi ya sa tsagar fuskarsu ta bambanta da ta sauran gidan, ni da nake ta tsokanar Barebari ashe kaina nake tsokana. Sai da na cika kaye, littafin rubutu, guda kafin in taɓa intanet.

Bako na Kano:
Salam. Ni iyayena ƴan Matamai ne amma a Kano na tashi, na ɗan jima ina wannan abin. Kan sunan dangi, abin da nake yi sunan uban mutum nake sawa a wurin tunda shi ne a takardunshi, in ban san uban ba in bar shi a ba a sani ba, kar ka ɗauki sunan kakanka ka liƙa ma kowa don bishiya ta yi kyau, na bayanka za su ruɗe. Lakabi kuma akwai wurinshi daban, ka sa, don wani da Dogo ko Ɗanjuma kaɗai aka san shi. Babbar matsalar da za ka gamu da ita rubutu ne. Mutum ɗaya ku can ku rubuta Ousmane mu nan Usman, Issoufou da Yusuf, Mahamadou da Muhammadu da Mamman, Oumarou da Umaru. Ni da wani ɗan uwanmu mun yi wata shida kowa na gina kaka ɗaya a shafi biyu ba mu sani ba, sai sunan gari da na matanshi ne suka tona, muka haɗe su. Don haka duk rubutun da ka sani ka zuba a bayanin mutum, har da na ajami in akwai.

In turancin Ingilishi na WikiTree ya dame ka, FamilySearch na da Faransanci kuma shi ma kyauta ne, sai dai ka san na cocin Mormon ne na Amurka, wasu ba su damu ba wasu sun damu, kai ka duba. Geneanet na Faransawa ne, can kowa da bishiyarshi. Amma kar ka sa rai za ka buga sunan kakanka takardu su zubo kamar yadda Turawa ke samu, namu ba su ciki sai ɗan abin da ba a rasa ba. In akwai wanda aka ɗauka soja ya mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 ka gwada shafin Mémoire des hommes na sojan Faransa. Sauran takardun zamanin Nasara suna gidan ajiyar tarihi na Yamai, wasu Dakar, wasu Aix can Faransa. Kuma kowane abu ka sa ka rubuta inda ka samo shi, ko da "gwaggo ce ta faɗa mini, wata kaza, shekara kaza" ne. Na gaji da ganin mutane kowa ya manna kanshi da gidan sarauta ko ya ce kakanshi daga Borno ko Makka ya zo ba ko hujja ɗaya.

Mai Shago Sabon Gari:
Ni fa ina bayan gwaggo. Ku kuna ganin wasa ne. Garin nan an yi bauta, an sayi mutane an sayar, akwai gidajen da sun san asalinsu kuma sun rufe shekara ɗari, an yi auratayya an zauna lafiya, kai ka zo ka rubuta a intanet wance kuyanga ce ko ƙwarƙwara ce, gobe a fasa auren jikarta wa zai ɗauki alhaki? Ga gado. A danginmu wani ya zana irin wannan a takarda kawai ya tura a WhatsApp na gida, ya manta ɗiyan mata ta uku, har yau maganar gona ba ta mutu ba, sun ce da gangan aka cire su. Ka rubuta a kaye ka ajiye a akwati, ba na hana ka ba, amma ba kome ake shanyawa a rana ba.

Bako na Kano:
Mai Shago gaskiyarka kan wannan. Sai dai rayayyu a ɓoye suke, a FamilySearch wanda ya sa su kaɗai ke ganinsu, a WikiTree ma a kulle suke. Matattu na da can ne a buɗe, kuma nan ne maganarka ke da ƙarfi, don a WikiTree wanda aka haifa sama da shekara 150 ba ya kulluwa. Wanda ke son nashi ya tsaya a gida akwai manhaja Gramps, kyauta, a kwamfuta take zama ba ta buƙatar rezo.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Mushe Allah ya ƙara girma, na kwafe shekarun nan a kaye. Yaya Ƴar Zango kin gano ni, da waya a hannu na je kuma da azahar tana jin barci. Na tsayar da sa kowa a intanet tukuna, baba ma na tambaye shi ya ce in bar nashi a kulle. Jumma'a in sha Allah zan koma wurin gwaggo da goro. Tambaya ɗaya ta rage, kakanmu mata huɗu ya aura kuma ya saki biyu ya sake auren wasu biyu, wurin nan na karɓar mata shida ga mutum ɗaya ko sai na yi dabara?

Bako na Kano:
Yana karɓa, ko goma ne. Kowane ɗa dai ka haɗa shi da uwarshi, kar ka jera su duka ƙarƙashin uwargida.