Man giya da filta a tsohuwar jif: wa ya taɓa canzawa?

Baban Khalifa, Arkilla:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Highlander ce gare ni ta 2005, tokumbo, shekara shida tana hannuna ban taɓa canza man giyarta ba. Jiya na zaro geji na goga a farin ƙyalle, man ya koma kalar shayin da ba madara. Da safe in na sa D sai ta yi jim kafin ta kama. Wani bakanike ya ce a canza, wani ya ce ranar da na taɓa shi ranar giyar za ta mutu. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Na-Mabera:
Wa alaikumus salam. Irin motarka gare ni, bara gab da bazara munka yi, ina tsaye har anka gama. Ya kwance notin ƙasa, mai ya zubo kamar lita 3 da rabi, sannan ya sauke kaskon giyar. Cikin kaskon akwai 'yan mayen ƙarfe, sun sha baƙar laka mai laushi kamar kwalli. Ya murza a yatsa ya miƙo min, ya ce in laka ce kawai ba komai, in ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar yatsa to ciki ya fara ci. Ya wanke kaskon tas, ya sa sabuwar filta da gaskit, ya ɗaure notuna a hankali yana tsallakawa, don in an matse da ƙarfi gaskit ɗin na tsagewa. Mun zuba man giya samfurin T-IV, shi ne rubuce jikin gejin. Jim ɗin safen ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba.

Direban Illela:
Alhaji, ka canza, amma kada ka yarda a haɗa ta da injin da ke wanke giya gaba ɗaya. Pathfinder ta gidanmu anka yi wa haka, man nata ya riga ya yi baƙi yana warin ƙuna. Kwana huɗu, muna hanyar Gwadabawa, inji na ihu mota ba ta gaba. Giyabos guda munka saya.

Oga Sani bakanike:
Allah ya mayar da alheri, amma waccan giyar ta daɗe da mutuwa, jana'iza ce ta rage. In faifan kuloc na ciki sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon mai shi ke ɗan riƙe su, sabon mai ya zo ya wanke, sai santsi. Shi ya sa nake shinshinawa kafin in taɓa. Na Baban Khalifa ruwan ƙasa ne, da sauransa. Ku sani kuma zubarwa ɗaya ba ta fitar da ko rabi, sauran na maƙale cikin kwanbata, wato tulun da ke haɗa inji da giya. Ka yi sau ɗaya, ka yi yawo sati biyu ko uku, ka dawo a sake zubarwa ba sai an sauke kasko ba. Zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40, ga yashi ga lodi, shi ke dafa man da wuri.

Maman Ilham, Runjin Sambo:
Ni CR-V ce. Yaron gareji ya zuba min man giya samfurin Dexron wai duk ja ne, mota ta dinga fizga in za ta canza giya. Sai da aka zubar sau uku da DW-1 na Honda ta dawo hayyacinta. Ita ba ta da kaskon saukewa, notin zubarwar ne ke da mayen ƙarfe a bakinsa. Yanzu da kaina nake sayen man, a fasa murfin a gabana.

Na-Mabera:
Na manta awo. Toyota sai mota ta yi zafi, a fili mai daidai, inji na aiki, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ka dawo P, sannan ka zaro geji. Cikawa fiye da kima ma matsala ce, kumfa yake yi.

Baban Khalifa, Arkilla:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na shinshina, ba warin ƙuna, Asabar zan kai ta. Oga Sani, maƙwabcina na da 4Runner ta 2006, mun duba ko'ina ba mu ga geji ba.

Oga Sani bakanike:
Ba ta da shi. Man giya samfurin WS take sha, ta notin gefe ake ɗurawa, a duba cikarsa ta wani noti a ƙasan kasko. Ya kawo ta da sassafe kafin ta yi zafi.