Na'urar sarrafa sola da famfo a asibitin ƙauye: a buɗe mata ƙofa a intanet?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum injiniyoyi. Ƙaramin asibiti ne a wani ƙauye wajen Ringim. Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta mai manhajar sarrafa na'urori ta Node-RED, ke kunna famfon burtsatse, yana kuma karanta inbata da sanyin firjin riga-kafi ta Modbus TCP, hanyar da na'urorin ke magana da juna. Rautar ta 4G ce. Ana so a riƙa dubawa daga Dutse, sai aka ce a buɗe ƙofa (port) 1880, wadda ake shiga Node-RED ta ita, a rauta, shi ke nan. Ya kuka gani?

Injiniyan Sola: Wa alaikumus salam. Malam, kar ma ka soma. Node-RED ba ya zuwa da kalmar sirri sai ka saita adminAuth a settings.js, kuma duk wanda ya shiga zai iya ba Pi ɗin umarni. Modbus ya fi muni. Tun 1979 yake, ba ya tambayar kowa ko shi wane ne. Wanda ya kai ga ƙofarsa ta 502 sai ya rubuta wa inbata abin da ya ga dama. Shodan kuwa, injin binciken na'urorin da ke buɗe a intanet, dare da rana yana zagaye irin ƙofofin nan. Kashe UPnP (mai buɗe ƙofofi da kansa) da telnet (tsohuwar hanyar shiga daga nesa) a rauta, ka canja kalmar sirrin da rautar ta zo da ita daga kamfani. Da irinta ƙwayar cutar kwamfuta Mirai ta kwashe kyamarori da rautoci a 2016.

Bahaɗeje: Ko ka buɗe ma, yawancin layukan 4G suna bayan CGNAT, wato mutane da yawa na raba adireshin intanet ɗaya, ba za ta yi aiki ba. Sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya, a Pi da wayar mai dubawa, ba sai an buɗe komai ba. SSH, hanyar shiga Pi daga nesa, da makulli kawai, PasswordAuthentication no. Sabunta manhaja duk wata, amma ka fara kwafe katin SD.

Ɗan Ringim: Na gode. To WiFi ɗin ma'aikata fa? Rauta ɗaya ce.

Injiniyan Sola: Nan ɓarakar take. Kalmar sirrin da aka ba mutum ɗaya da safe, kafin la'asar mai shayin bakin ƙofa ya santa. Raba su: wayoyi a layin baƙi, Pi da inbata a kan kebul, VLAN (keɓaɓɓen layi a cikin rauta) daban in rautar ta iya. Sannan kar tsayar da famfo ya dogara da manhaja kaɗai: sa makunnin da ke yanke wuta in tanki ya cika. Firji ma ya samu ƙararrawarsa, ta yi kuka in ya fita daga digiri 2 zuwa 8.

Bahaɗeje: Ƙara DS3231, ƙaramin agogo mai batir. Pi 4 ba shi da agogo mai batir. In wuta ta ɗauke ta dawo babu sabis, lokacinsa ya rikice, jadawalin famfo ya bi shi.