Wace kalmar Hausa ce ta dace da entanglement? Ni dai na tsaya a kan harɗuwa

Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta kawo ni yau, kuma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A ilimin Fiziks na kwantam, wato nazarin halayen ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra da ƙwayar haske, akwai wani al'amari da ake kira entanglement da Ingilishi. Tun 2022 da aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a kansa, kowa fassara shi yake yadda ya ga dama. Wani ya ce cakuɗewa, wani ya ce sarƙaƙiya. Sai ga ƙanwata da ke karanta Fiziks a jami'a ta ce mini, "Yaya, in Inna ta tambaye ni abin da muke karantawa, me zan ce mata?" Na yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na shiga tambayar malamai da dattawa, ga kuma inda na kwana.

Kafin a raɗa wa yaro suna ai sai an gan shi. Idan aka haska leza a kan wani irin lu'ulu'u, wani lokaci ƙwayar haske ɗaya takan rabu gida biyu. Sai a tura ɗaya gabas, ɗaya yamma, kowacce ta tarar da matacin haske, irin gilashin tabarau mai tare ƙyalli. Ko ta wuce, ko ba ta wuce ba. Mai aunawa da ke gabas, in ya duba sakamakon da ya rubuta shi kaɗai, ba zai ga wani tsari ba, kamar mai jefa kwabo. Na yamma ma haka. Amma ranar da suka zauna suka jera takardunsu, sai su ga duk lokacin da matatan biyu suka fuskanci kusurwa ɗaya, amsoshin sun dace, ba kuskure ko sau ɗaya. Lissafin kwantam kuwa ba ya ba kowace ƙwaya cikakken bayaninta ita kaɗai. Bayani ɗaya ne tal, na su biyun a tare. Wannan ne muke nema wa suna.

Wani malamina na sakandare ya ce, "Me za ka wahalar da kanka? Ka ce tagwaitaka." Malam, Allah ya ƙara girma, kalmar ta yi daɗi a baki, amma a nan ne zan fi daɗewa, don ita ce ta fi kowacce haɗari. A ce tagwaye ne, ɗaya ya tafi Kano ɗaya Damagaram. Ka ga Hassan a Kano, nan take ka san Husaini ne a Damagaram. Babu abin mamaki, tun daga gida kowa ya san ko shi wane ne. To, kusan haka Einstein ya ɗauki lamarin. A 1935 shi da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka rubuta cewa lissafin kwantam bai cika ba, dole akwai wani abu da ƙwayoyin ke ɗauke da shi tun wurin rabuwa wanda lissafin bai kama ba. Kusan shekara 30 ana ganin gardamar ba ta da alƙali, sai a 1964 John Bell, ɗan Ireland ta Arewa da ke aiki a CERN, babbar cibiyar binciken Fiziks ta Turai, ya nuna cewa ana iya gwada ta.

Daga baya an mayar da lissafin nasa wasa, kuma yana da sauƙin bi. A raba mutum biyu, ba waya ba ɗan aike. Kowanne a jefa masa ɗaya daga cikin tambayoyi biyu, ya amsa da "i" ko "a'a". Ƙa'ida ita ce amsoshinsu su zo ɗaya, sai fa idan dukansu tambaya ta biyu ce ta faɗo musu, a nan ana so su saɓa. In sun ƙulla tun daga gida cewa kullum "i" za su ce, za su ci uku cikin huɗu. Duk wayon da za su shirya kafin rabuwa, ba za su haura 75 cikin 100 ba. Amma a ba kowannensu ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan biyu, ya riƙa aunawa kafin ya amsa, sai su kai kusan 85 cikin 100. Clauser da Stuart Freedman sun yi irin wannan gwaji a Amurka a 1972, Aspect ya tsaurara shi a Faransa a 1982, a 2015 kuma masana a Delft ta ƙasar Holan suka toshe manyan kafofin shakka da suka rage, da ilektaron biyu, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, masu tazarar kilomita 1.3. Kowane karo sai an tsallake iyakar da shirin gida ke iya kaiwa. Idan muka ce tagwaitaka, mun dasa wa ɗalibi ainihin fahimtar da aka yi shekara 50 ana rushewa, tun bai buɗe littafi ba.

Sarƙaƙiya ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Bahaushe in ya ji ta, ƙaya yake gani da rikicin da aka rasa bakin zarensa. Abin da muke magana a kai kuwa tsari ne tsantsa, wanda ake kashe dukiya a sanyaya na'ura har kusa da ƙarshen sanyi don a same shi. Cakuɗewa kuma, irin ta gero da dawa a buhu ɗaya, a ajiye ta: akwai wani yanayi dabam a kwantam, inda ƙwayoyi masu hali iri-iri ke gauraye, can za ta yi mana aiki.

Wadda ta kusa raba ni da ra'ayina ita ce ta wani dattijo mai sana'ar igiya a unguwarmu. Na yi masa bayani yana murza rama a cinya, ya ce, "Yaro, ai tufka kake faɗi. Sili biyu, igiya ɗaya." Wallahi na ji daɗin wannan magana, kwana biyu ina juya ta. Baba, ka gafarce ni, abin da ya hana ni shi ne igiya in ka ja wannan baki, wancan ya motsa. Nan ne kuma mutane suka fi ɓata, har da masu rubutu a jaridun Turai: suna zaton ana taɓa ƙwayar gabas a aika saƙo yamma cikin ƙiftawar ido. Ba a iyawa. Mai aunawa ba shi ke zaɓar amsar da za ta fito masa ba, don haka ba shi da abin da zai aika, kuma dacewar ba ta bayyana sai an haɗa takardu ta hanyar da ba ta fi haske sauri ba. Ga kuma "tufka da warwara" da ta riga ta zauna a kunnenmu da ma'anar magana biyu.

Sai na koma tushe. Erwin Schrödinger, mutumin Ostiriya, shi ya raɗa sunan a 1935, kuma a harshensa na Jamusanci ya ce Verschränkung. Kalmar da Bajamushe ke amfani da ita ke nan idan mutum ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Larabawa suka ce tashabuk, daga tushen da ke ba da shigar yatsu cikin juna. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karatu da Faransanci sun san shi da intrication. Mu fa, me muke cewa in mutum ya yi haka da hannuwansa, ko ya ɗora ƙafa kan ƙafa? Ya harɗe. Hannu biyu ne, amma ba ka iya faɗin yadda na dama yake sai ka ambaci na hagu, kuma ba rikici a ciki, ba wanda ke jan wani.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne kalmar tana juyuwa ta kowace fuska, abin da kalmar aro ba ta cika yi ba. Masana sun harɗa ƙwayoyi biyu. Ƙwayoyin sun harɗu. A harɗe suke. Harɗaɗɗun ƙwayoyi. In zafi ko girgiza ta lalata abin, mu ce sun warware, a nan na karɓi rabin kyautar Baba. Gwada ta a labari: a 2017 tauraron ɗan Adam na ƙasar Sin mai suna Micius ya raba harɗaɗɗun ƙwayoyin haske tsakanin tashoshin Delingha da Lijiang, tazarar kilomita 1,200 da 'yan kai, kuma ba su warware ba. Gwada ta a kwamfutar kwantam: kyubit 50, wato ƙananan ma'ajiyan bayananta, in suka harɗu, cikakken bayaninsu na bukatar lambobi sama da tiriliyan dubu, shi ya sa kwamfutar gida ke gaza kwaikwayonsu.

Wata malamar Hausa ta yi mini gyara mai kyau, ta ce harɗuwa da haɗuwa harafi ɗaya ne tsakaninsu, a rediyo za a iya ruɗewa. Gaskiya ne Malama, kuma dole a riƙa sa wa ɗ ƙugiyarta a rubutu. Sai dai kusancin bai dame ni ba, don Schrödinger da kansa ta nan ya faro: abu biyu sun haɗu na ɗan lokaci, sun rabu, daga nan ba a sake iya bayanin ɗaya ba tare da ɗayan ba. Galibi haɗuwa ce ke haifar da harɗuwa, ko da yake a 1998 ɗakin gwajin Zeilinger ya harɗa ƙwayoyin haske biyu da ba su taɓa gamuwa ba.

Na tura wa ƙanwata, ta je ta zauna da Inna ta ce, "Inna, muna karanta yadda ƙwayoyin haske biyu ke harɗuwa, ko an raba su nesa amsarsu na dacewa." Inna ba ta ce mene ne harɗuwa ba. Cewa ta yi, "To, wa ya harɗa su?"