Makullin mariƙi ya ƙi dawowa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da ma'ajiyar makamai a wurin aikinmu nan Katsina. Muna da wata tsohuwar bindigar hannu samfurin 1911, makullin bayan mariƙinta ya cinye, wanda ke tare kunama sai an damƙe shi da tafin hannu. Na sa sabo, ya shiga da kyar. Na gwada babu harsashi: in na matsa sai ya maƙale a ciki, kunama kuma ta ja ko ban riƙe ba. Wallahi abin ya hana ni barci, na kulle ta ban ba kowa ba.

Sifirin ne ya gaji, ko ƙarfen ne bai zauna ba? Ina tsoron sa magagari in ɓata shi. Don Allah wanda ya san aikin ya taimaka.