Ranar da alƙali ya ce "Ina hujjarka?"

Manomi daga Jiratawa: Gonar da mahaifinmu ya bayar aro a bakin gulbi ce ta kai mu shari'a. Duk kaka ana kawo mana damin hatsi, alamar gonar tamu ce. Da tsofaffin suka kwanta dama, 'ya'yan mai aron suka ce saye ne. Na tafi kotun Maraɗi da zafina, aka ce in koma in kawo takardar da ke nuna sarki ya gwada sulhu bai yiwu ba. Ranar zama, dattawa biyu masu iyaka da mu ne suka tsaya mana, don sun ga damin nan da idonsu, har sun faɗi wanda yake ɗauko shi a amalanke. Shaidana na uku ya fara da "na ji an ce", alƙali ya tambaye shi ko yana wurin, ya ce a'a. Maganarsa ba ta ƙara mana komai ba.

Tsohon malamin lakwal, Tibiri: Baba, Allah ya kiyaye gaba. Ni bayan irin wannan na je wurin Kofo, kwamitin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Aro, jingina, kyauta, saye, kowanne da takardarsa. Da na nemi takarda, yayana ya yi fushi, wai ban yarda da shi ba. Jikokinmu nake ji.

'Yar kasuwa, unguwar Zariya: Malam, ni atamfa na ba wani mai shago bashi, jika ɗari huɗu, babu ko sa hannu, sai muryarsa a WhatsApp yana cewa zai biya bayan salla. Na ɗauka na yi asara. Lauya ya ce dokar OHADA, wato dokar kasuwanci da Nijar da wasu ƙasashen Afirka suke aiki da ita tare, ta yarda a kafa hujja kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har ta waya. Ya hana ni goge komai, ya tura ni wurin hwisiye, ma'aikacin shari'a mai rubuta abin da ya gani ko ya ji don ya zama hujja, wanda ya saurari saƙon a cikin wayata, ya rubuta lamba da rana da awa. Da mutumin ya ga takardar, kafin a kira mu ya kawo rabi.

Ɗan kabu-kabu, Sabon Gari: Hajiya kin yi sa'a. Ni duka na sha a tasha, na zauna gida ana gasa mini ciwo da ruwan zafi kwana goma. Da na kai ƙara aka nemi takardar likita. Lokacin kumburin ya sace, sai tabo a gira, shi kaɗai likita ya rubuta. Har yau abin yana ci mini rai.