Shawarwari a zaure: firakshan da lamba mai guntu a kalkuleta mai zana giraf

Ɗalibi, Mabera:
Assalamu alaikum malamai. TI-84 Plus ce a hannuna. In na buga 1÷2+1÷3 sai ta ba ni .8333333333, alhali 5/6 ake nema. Sannan ta ina ake shigar da irin biyu da uku bisa huɗu? Ban ga maɓallinsa ba.

Malamin lissafi, Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam. Amsar daidai take, siffarta ce ba ka so. Da ta fito, danna MATH, sai 1, sai ENTER. Za ka ga 5/6.
Amma hanyar da ta fi ita ce ka shigar da lambar a siffar firakshan tun farko. Danna ALPHA sannan Y=. Jeri zai buɗe mai abu huɗu. Na ɗaya, n/d, gurbi biyu ne, sama da ƙasa. Na biyu, Un/d, gurbi uku ne, shi ne na lamba mai guntu: ka buga 2, kibiyar dama, 3, kibiyar ƙasa, 4. Na uku shina juya 11/4 ya koma 2¾, ko ya mayar da shi. Na huɗu shina juya firakshan zuwa lamba mai ɗigo.
Inda ɗalibai suka fi faɗawa: bayan ka buga lambar ƙasa, sai ka danna kibiyar dama ka fito daga gurbin kafin ka ci gaba. In ba ka fito ba, duk abin da ka ƙara ƙasa zai shiga. Wanda ya so rabi a tara da sulusi, ya manta kibiyar, 3/7 za ta ba shi, don ta ɗauka ɗaya ce bisa biyu da sulusi.

Ɗalibi, Mabera:
Malam, na danna ALPHA da Y= babu abin da ya fito.

Mai gyaran waya da kwamfuta, Babbar Kasuwa:
To manhajar cikinta tsohuwa ce, ƙanena. Danna 2ND, sai +, sai 1, za ka ga lambarta a sama. Wancan jerin ya fara ne daga 2.53MP, wadda ta fito a 2010. In taka ba ta kai nan ba, a sa mata 2.55MP ta kwamfuta da wayar USB da manhajar TI Connect. Sa sababbin batura AAA guda huɗu kafin a fara, don in wuta ta yanke ana tsakiyar ɗorawa sai an sake daga farko. Kuma abin da ka adana a ciki na iya gogewa, a kwafe shi a kwamfutar tukuna.
Mai TI-83 Plus kuwa kada ya wahalar da kansa, ba ta karɓar wannan.

Malama, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari:
Ba ta karɓa, amma ba a rasa hanya ba, kuma hanyar tana yi a kowace TI. Lamba mai guntu tarawa ce, a rubuta ta a haka cikin baka: (2+3÷4). In aka buga 2(3÷4) ninkawa ce, 1.5 za ta fito. In aka manna su aka buga 23÷4, 5.75. Babu wadda ta zama 2.75 a cikinsu, kuma kalkuletar ba za ta yi ƙorafi ba.
Mai alamar ragi ta fi cin mutane. Ragin 2¾ shi ne -(2+3÷4), wato -2.75. Wanda ya buga -2+3÷4 zai sami -1.25. Kuma a farkon layi a yi amfani da ƙaramin maɓallin (-) da ke kusa da ENTER a ƙasa. Na ragewa daban yake: in aka fara layi da shi sai ta jawo amsar baya ta rage daga cikinta, in kuma bayan baka ne sai ta ce ERR:SYNTAX.
Fitar da amsa a siffar lamba mai guntu a TI-83 Plus mataki biyu ne. MATH, kibiyar dama zuwa NUM. Na 3 shi ne iPart, yana ba da cikakkiyar lambar; na 4 fPart, yana ba da guntun. Ga 17÷5, na farko zai ba da 3, na biyu .4, ka bi shi da MATH 1 ENTER ya zama 2/5. Kada a ɗauki na 5, int, a madadin iPart. A kan ragin 17÷5, int -4 yake bayarwa, iPart kuma -3.

Malamin lissafi, Runjin Sambo:
Haka ne Malama. Ga masu sabuwar manhaja kuma, a leƙa MODE. MATHPRINT ke sa firakshan ya tsaya sama da ƙasa kamar a littafi. Akwai layin zaɓi tsakanin n/d da Un/d, shi ke yanke ko amsa ta fito 11/4 ko 2¾. Layin ANSWERS a bar shi AUTO. In anka sa shi DEC, ko da gurbin firakshan ka shigar, lamba mai ɗigo za ka gani.

Ɗaliba, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:
Malam, tawa Casio ce, fx-9860GII. Duk wannan bai shafe ni ba ke nan?

Malamin kimiyya, Arkilla:
Taki ta fi sauƙi ma, ƙanwata, don maɓallin na kan fuskarta, an rubuta a b/c. Shi kaɗai gurbi biyu ne. SHIFT da shi gurbi uku. F↔D na juya amsa tsakanin firakshan da lamba mai ɗigo, SHIFT da F↔D kuma tsakanin 11/4 da 2¾. In kina so ta riƙa fitowa a siffa ɗaya kullum, SHIFT da MENU, ki gangara zuwa Frac Result ki zaɓi d/c ko ab/c. A can sama kuma Input/Output ya kasance Math.
Mai fx-9750GII ba shi da wannan zaɓin na Math. A layi ɗaya yake bugawa: 2, a b/c, 3, a b/c, 4, sai wata 'yar ƙugiya ta raba lambobin.
Casio na da iyaka da ya kamata a sani. In lambobin amsar duka, haɗe da alamomin da ke raba su, suka wuce goma, da kanta za ta koma lamba mai ɗigo. Ba lalacewa ba ce.

Malama, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari:
TI ma tana da tata. In lambar ƙasa ta yi girma, kamar 1÷12345, MATH 1 zai dawo maka da lamba mai ɗigo kawai. Haka π da tushen 2, don su ba su da firakshan. Sannan kada a kwafi amsar da aka datse a sake bugawa. .33 ba sulusi ba ne, 33/100 za ta ba ka. Ita tana riƙe lambobi 14 a ciki tana nuna 10, saboda haka a yi aiki da 2ND da maɓallin Ans, mai jawo amsar baya.

Kafinta, Gawon Nama:
Malamai, mu namu a inci ne. Katako 5⅜ a haɗa da 2 da 13/16. Kuma wani lokaci amsa ta fito 7.43, ba ta kan tef.

Malamin lissafi, Runjin Sambo:
Na farko Un/d sau biyu, Baba, zai ba ku 8 da 3/16. Na biyu kada ku bi ta MATH 1, 743/100 zai ba ku, wanda ba shi da amfani a wurin zarto. Ku ɗauki .43 ku ninka da 16, zai ba da 6.88, mafi kusa 7. Inci 7 da 7/16 ke nan. In tef ɗinku takwas-takwas anka tsaga shi, ku ninka da 8.

Malamin fara'ili, cikin gari:
Ina da jan hankali ga masu lissafin gado da ita. Kalkuleta tana taƙaita firakshan ba tare da ta tambaye ka ba, kuma wani lokaci abin da take ɓoyewa shi ake nema. Ku ɗauki mas'alar Minbariyya: mata tana da sumuni, 'ya'ya mata biyu sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. In ka tara 1/8+2/3+1/6+1/6, 9/8 za ta ba ka, ko 1⅛. Wannan ya nuna maka rabon ya zarce dukiyar, akwai auli, amma bai ba ka asalin mas'alar ba. Asalin 24 ne. Nemo shi da lcm, wato mafi ƙanƙantar lambar da lambobin ƙasa duka ke shiga cikinta daidai, na 8 a jerin NUM. Lamba biyu kaɗai yake ɗauka lokaci guda, saboda haka ka fara da 3 da 6 ka sami 6, sannan 8 da 6 ka sami 24. Sai ka ninka kowane rabo da 24 daban-daban: 3, 16, 4, 4. Jimla 27. A kan 27 ake raba dukiyar, matar ta sami 3/27, wato ɗaya bisa tara. Wanda ya ninka dukiyar da 1/8 kai tsaye ya ba ta fiye da haƙƙinta, ya tauye sauran.

Ɗalibi, Mabera:
Allah ya saka da alheri. A wajen zana giraf fa, akwai bambanci?

Malamin kimiyya, Arkilla:
Baka ce dai. A Y= rubuta (X+1)÷(X-2), ko ka sa su a gurbin n/d. In ka buga X+1÷X-2 wani zane ne daban: a X=4 na farko 2.5 ne, na biyu 2.25. TI-84 tana karanta 1÷2X a matsayin rabin X, wasu kalkuletocin kuma ɗaya bisa 2X, don haka kada ka bar mata zaɓi. A CLASSIC, wato kishiyar MATHPRINT a MODE, 8^2÷3 zai ba ka 21.33, sai 8^(2÷3) ne ke ba da 4.
In kana son TRACE, maɓallin bin layin giraf, ya riƙa tafiya rubu'i-rubu'i maimakon dogayen lambobi, shiga ZOOM ka gangara ƙasa zuwa ZFrac1/4. Akwai na 1/2, 1/3, 1/5, 1/8 da 1/10. A tebur kuma, inda lambar ƙasa ta zama sifili, kamar X=2 a misalin can, ERROR za ka gani a layin, daidai ne.

Malama, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari:
'Yan sakandare su lura, WAEC da NECO ba sa yarda da kalkuletar da ake rubuta mata shiri, waɗannan kuwa duk ana rubuta musu. Ku koyi maɓallin firakshan na ƙaramar Casio ma.

Mai gyaran waya da kwamfuta, Babbar Kasuwa:
Ɗalibi, in an gama sa maka manhajar ka ga saitin ya rikice, 2ND, +, 7, 2, 2 zai mayar da MODE yadda ya zo daga kamfani ba tare da ya taɓa abin da ka adana ba. Kada ka danna 7, 1, 2, wancan gogewa yake yi.